Makwancin Fatake a Hanyar Sokode

Motar da ta taso daga Lome ta nufi arewacin Togo, in ta bar Atakpame da Blitta da Sotouboua a baya, sai ta ratsa Aouda kafin ta faɗa Sokode. Direbobin manyan motoci masu jan kaya zuwa Dapaong da iyakar Burkina Faso ba su cika tsayawa a nan ba, sai fa in doya ko buhun gawayi ya ja musu ido a bakin titi. Fasinja kuwa abin da zai gani ta taga bai wuce kunyoyin doya da gonakin masara, da layin mangwaro, da 'yan rumfunan masu sayar da fetur a kwalba ba. Amma a bayan kusan kowane garin wannan hanya da Musulmi suka zauna, akwai wani fili da fartanya ba ta shiga. Ciyawa ta kai ƙugu, ga tsamiya ko kuka ta baza rassa yadda ta ga dama don ba mai sassabe ta, ƙasa kuma ta yi tudu-tudu, wani wurin ta lotsa. Tsohuwar maƙabartar zango ke nan.

Masallaci an rushe na ƙasa an yi na bulo, gidajen jinka sun koma na kwano, kasuwa ma ta tashi ta bi kwalta. Maƙabarta ce kaɗai take nan inda aka ajiye ta tun farko. Ni a ganina, wanda ke son sanin lokacin da baƙi suka zama 'yan gari a wannan ƙasa, can ya kamata ya nufa. Mutum yana iya yin shekara goma yana kasa kaya a kasuwar wani gari, kullum yana cewa baɗi zai koma gida. Ran da ya sa mahaifiyarsa ko ɗansa a ƙasar wurin da hannunsa, daga ranar maganar komawa ta soma sanyi.

Goro ne ya kawo Bahaushe nan. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 ana zuwa Gwanja, amma a ƙarni na 19 ne fataucin ya kai inda ya kai. Da ruwa ya ɗauke sai ayari ya tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, da jakuna da alfadarai da takarkarai da 'yan alaro, an ɗaure kanwa da gabu da baƙin turkuɗi da jajayen fatu. A ƙetare Kwara, a ratsa Borgu ta Nikki, a sauka Jugu, a shigo ƙasar Kotokoli, sannan a haura duwatsun Fazao a gangara Salaga. Akwai kuma hanyar arewa, wadda ke bi ta ƙasar Gurma ta sauko yankin da Dapaong take ciki a yau, ta sauka Sansanin Mango, daga nan Yandi, sai Salaga. A 1826 Baturen nan Clapperton ya yi kiciɓis da wani ayari da ya fito daga Gwanja a garin Kaiama na Borgu, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobin ma kamar haka. Madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da abin da za a biya sarakunan hanya. Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa su ne suka yi suna a wannan sana'a, kuma zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

To, mutum dubu a hanya wata shida, ai ba yadda za a yi a dawo cif. Ga atuni, ga zazzaɓi, ga agana, ga kurkunu da ke kwantar da ƙato a zango ayari ya tafi ya bar shi, ga kibiyar 'yan fashin Borgu mai dafi, ga kogi a mashigi. Tsofaffinmu kan ce ba falken kirki da zai bar gida babu ƙyallen likkafaninsa a ƙasan kaya. In ta Allah ta kasance a daji, a sauke wa jakuna waga, malamin ayari ya yi wanka ya ja salla, a haƙa a gefen hanya, a rufe, a jibga duwatsu da ƙaya saboda kura. Sai madugu ya tara shaidu a ƙidaya abin da mamacin ya bari, ƙwarya nawa ta goro, jaki nawa, bashin wa ke kansa, wa yake bi. Shi zai riƙe amanar, yana yayyafa wa goron marigayi ruwa yana tsince mai sankara kamar nasa, har ya danƙa wa magada a ƙofar gidansu. Waɗannan kushewu na gefen hanya tuni daji ya cinye su. Wanda ya yi dacen cikawa a zango shi ne ya sami maƙwabta.

Mafi tsufan irin waɗannan wurare a ƙasar Kotokoli na manyan masaukai ne, irin su Didaure, unguwar 'yan kasuwa Musulmi wadda ita ce cibiyar Sokode ta yau. Can Wangarawa masu sunayen Ture da Tarawore da Fofana da Sise suka zauna tare da Hausawa, da shugabansu na Musulmi da limaminsu, sarautar ƙasa kuwa tana hannun zuriyar Mola, tana zagayawa tsakanin ƙauyuka irin su Kpangalam da Tchavadi da Komah da Kparatao. Baƙo ba shi da ƙasa, ko ta noma ko ta kwanciya, sai wadda aka ba shi. Yadda muka ji daga bakin manya, filin masallaci da na kasuwa ba su da wuyar samu. Filin binne mutane shi ne ake sa babbar riga a je roƙo. Sarkin zango da liman su ɗauki ƙwaryar goro su tafi wurin mai ƙasa, a durƙusa, tafinta na tsakani. Shi kuma ya san abin da ake tambayarsa, domin gona ana iya karɓe ta bayan girbi, wannan kuwa in ya ba da ta bayu ke nan har abada. Shi ya sa yawanci sai ya nuna wurin da doya ba ta so, mai tsakuwa da marmara, can bayan gari.

Hanyar goro ta mutu a hankali. Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu, da yawa suka koma Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, jaki ya rasa abin yi a wannan doguwar hanya. Waɗanda tafiya ta bari a tsakiya suka nemi wata sana'a: fawa, wanzanci, dillanci, koli, koren shanu zuwa kudu, allo da tawada.

Aouda da maƙwabtanta ƙannen baya ne a wannan labari. Dajin da ke tsakanin Blitta da Sokode a da ba shi da mutane sosai. Jamusawa suka fasa hanya a cikinsa, sannan Faransawa, tun zamanin Gwamna Bonnecarrère a shekarun 1920, suka riƙa kwaso Kabiye da Loso daga duwatsunsu na arewa da suka cika maƙil, suna zaunar da su a bakin hanyar don su gyara ta su kuma yi noma. A 1934 dogo ya iso Blitta ya tsaya, daga nan kaya sai a mota. Ƙauyuka suka yi kasuwa, kuma duk inda kasuwa ta ci, ba a daɗewa za a ga Bahaushe da wuƙar fawa da tukubar tsire. Mai lura zai iya gane wannan bambancin shekaru daga itatuwa. Inda ya ga kuka da tsamiya masu kauri, wurin ya kwana biyu. Inda darbejiya ta fi yawa, na zamanin Turawa ne, don ita ma baƙuwa ce, su suka kawo ta.

A zangon da na tashi a wannan hanya, maƙabarta tana hannun wani tsoho, mutumin Kabi, wanda koren shanu ya kawo shi ya zauna. Baba kawai muke ce masa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ke biyan shi ko dala. Da an yi rasuwa, kafin kukan mata ya gama zaga unguwa, za ka gan shi ya fito da diga da shebur da wani guntun dagi da ya sha hannu har ƙotarsa ta yi sheƙi. Ya aika yaro gidan mutuwa da karan dawa a auno tsawon mamaci. Karan nan shi ne ma'auninsa. Ya kwantar da shi a ƙasa daga kudu zuwa arewa, ya zana da ƙafa, ya ce bismilla, ya sara sau uku, sannan ya miƙa wa samari digar. Da rani ƙasar nan ba ta da mutunci. Taƙi ɗaya za ka yi a jar ƙasa ka tarar da marmara, diga na tartsatsin wuta, mutum ya yi sara ashirin ya miƙa wa na baya yana haki. Samari su ke haƙa uwa, amma 'yar kabari, ƙaramin ramin nan na tsakiya inda mutum zai kwanta, ba ya bar wa kowa. Shi zai shiga da daginsa ya gyara gefe da gefe, ya share da tafin hannu, ya tsince duk wata tsakuwa mai kaifi, kai ka ce baƙo zai yi wa shimfiɗa.

A can gida kuma an yi wanka da ganyen magarya, an ɗinke alawayyo, an ɗora a makara. Mahauta sun ajiye wuƙa, mai shago ya ja ƙyaure, ba wanda aka aika wa takarda. A yi sahu a ƙofar gida, kabbara huɗu a tsaye, sai a ɗauka. Tafiyar makara da sauri ake yin ta, ana karɓeɓeniya, kowa na son kafaɗarsa ta taɓa. Mata ba sa bi, iyakarsu zaure. A bakin rami mutum biyu ko uku su sauka su karɓa, a kwantar da shi a gefen dama, kai kudu, fuska gabas, a kwance ƙullin likkafani. Sai a jera itace a kan 'yar, kuma Baba ba ya yarda da kowane itace sai kirya in da hali, don gara ba ta cin ta da wuri. A toshe kafofi da ɗanyen ganye, a bi da curin laka har sai ba inda ƙasa za ta zurara, sannan kowa ya zuba da hannunsa, shebur ya ƙarasa. A yayyafa ruwa, a sa dutse a kai da ƙafa, a kafa reshen bi-ni-da-zugu ko na ararraɓi, a kwantar da karan awo a sama. Liman ya yi addu'a a shafa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo an zauna a tabarma.

Ba a rubuta suna. Littafin wurin yana cikin kan Baba. In muka raka shi sassabe bayan damina, mukan dame shi da tambaya.

"Baba, wannan na wane ne?"

"Ɗan nan, wannan baƙo ne, Bazazzagi. Da shanu ya zo, kwana biyu ya yi a zauren Sarkin Zango. Na kusa da shi matar wanzami ce ta fari, wajen haihuwa ta tafi. Ɗaga ƙafarka, kana kan mutum."

Da gari da sana'a yake sanin kowa, shekara kuma da abin da ya faru a cikinta. Akwai layin da ya gada daga wanda ya riga shi, na shekarar marisuwa, murar nan ta 1918 da ta zaga duniya. Akwai na shekarun agana, da na sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara. Akwai na mutanen da aka koro daga Gana a 1969, waɗanda suka yada zango a wurinmu da niyyar hutawa su wuce, wasunsu ba su wuce ba. Sai wani gefe da ba ya son a tambaye shi, na 'yan ƙananan tudu da ba su fi kamu biyu ba, inda baƙon dauro ya tara yaran unguwa. Nan in mun iso sai ya yi shiru ya ci gaba da sara.

Zaman makoki kwana uku ne, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, gumba da masa da ƙosai, da goro ana ɓarawa. Gidan mutuwa ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke aiko da akushi. Mai zuwa gaisuwa ya tuɓe takalmi ya tsuguna: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. In tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani." Sai malam ya rubuta wasiƙa da ajami a ba direban motar goro ko wani mai tafiya arewa. Takan yi watanni kafin ta isa Jega ko Katsina, can kuma a shimfiɗa tabarma a soma sabon zama, alhali a nan ciyawa ta riga ta rufe kabarin.

Mu yara kuwa maƙabarta gidan tsoro ce, kuma manya ba su yi ƙoƙarin rage mana tsoron ba ko kaɗan. Ba a nuna kabari da yatsa, wanda ya manta ya nuna sai ya ciji yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tsamiyar tsakiya gidan aljanu ce, ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ko da almuru. An ce da masu rakiya sun yi taku bakwai Walakiri ke sauka da kulkinsa, shi ya sa muke leƙen ƙafafun manya in sun juyo. An ce makarar mutumin kirki ba ta da nauyi, har jan masu ɗauka take yi, ta azzalumi kuwa sai an yi ta sauya kafaɗa. In aka yi yayyafi bayan rufewa, tsofaffin mata su ce rahama ce ta sauka. Kurar da ke zuwa tono ma ba a yarda kura ce kawai ba, akwai mai rantsuwa cewa mutum ne ke rikiɗa. Akwai kuma wani mangwaro a gefen wurin, wanda a duk garin babu mai zaƙinsa, ko kuwa hani ne ya sa muke jin haka. Cewa aka yi wanda ya sha zai ji ana kiran sunansa da dare. Ana sha ɗin, a ɓoye, sannan a kwana a ƙudundune a bayan kaka, ko fitsari ba a iya fita.

Can ƙuryar gabas akwai kabarin wani malami da aka kewaye da duwatsu, wanda ake cewa ana ganin haske a kansa daren Juma'a. Mata kan aiki yaro ya ɗebo 'yar ƙasar wurin in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da samarin da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa suka dawo, suka ce wannan bidi'a ce, aka yi ta kai ruwa rana a zaure, har aka daina. A kan ɗibar ƙasa ina ganin suna da hujja. Sai dai guguwar ta haɗa har da sauran camfe-camfen, kuma ba wanda ya lura da aikin da suke yi. Tsoron nan shi ne katangar wurin. Shekara da shekaru ba bulo ko ɗaya, amma ba mai kiwo a ciki, ba mai saran itace, ba mai matso da kunyarsa ko taƙi guda.

Maƙwabtanmu Kabiye nasu tsarin daban ne, kuma kowa na kallon na ɗan'uwansa da mamaki. Su in tsoho ya mutu ya bar jikoki, abin biki ne. Bayan an binne, sai a jira lokacin hunturu, wajen watan Fabrairu, a yi babban taro da kiɗa da rawa da tukwanen burkutu, kuma sau da yawa can gida ake yin shi, a duwatsun yankin Kara. Lokacin za ka ga motoci sun cika sun nufi arewa, mutumin da aka haifa a Aouda, ubansa ma a nan ya tsufa, amma hakkin mamacinsa sai ya kai shi tushe. Saurinmu yana ɗaure musu kai, suna ganin kamar muna gudun namu ne. Mu kuma mukan ce wanda ya mutu a wuri, ƙasarsa ce ta kira shi, daga nan aka ɗebo yumɓun da aka yi shi, ko da a Gobir aka yanke masa cibiya. Duk da haka in an yi mana rasuwa sukan zo da doya da kaza su tsaya daga bakin zaure, mu ma in nasu ya faɗi mahauta ke yanka musu abin da Musulmi za su ci. Su Kotokoli ma suna da nasu labarin: kakan zuriyar Mola, Gadao, wanda ya zauna a Tabalo, an ce bai mutu an binne shi ba, ƙasa ce ta buɗe ya nutse. Har yau ana bikin tunawa da shi a Sokode, haɗe da Adosa, wasan wuƙaƙen nan da duk wanda ya san 'yan tauri zai ga kamar a gida yake.

Masu suna a rubuce a wannan yanki Turawa ne. A Sokode akwai maƙabartarsu tun ta zamanin Jamus, haka ma a Mango, da siminti da haruffa da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Mulkin Jamus a Togo shekara 30 ya yi, daga 1884 zuwa 1914, amma mai yawon buɗe ido zai iya tsayawa ya karanta wanda ke kwance. Fatake sun fi su daɗewa a hanyar nesa ba kusa ba, ba ko harafi. Dokta Hermann Kersting, wanda ya kafa barikin Sokode a ƙarshen shekarun 1890 ya kuma kai yaƙi ƙasar Kabiye, mutum ne mai tara tsirrai yana aika wa masana a Jamus. Ararraɓin nan da muke kafawa a kan kabari, a littattafan masana tsirrai da sunansa ake kiran shi. Baba ya kafa shi ya fi a ƙirga bai taɓa jin labarin mutumin ba.

Kewar da nake yi ba za ta sa in ce zamanin duk alheri ne ba. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma. Djobo Bukari na Kparatao, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Bajamushe Ludwig Wolf a 1889, da mahaya dawakinsa da ake kira Semasi ya yi ƙarfi, kuma hari na cikin abincinsu. A kusa da Dapaong, a jikin dutsen Nok, har yanzu ga rumbunan laka a cikin kogo inda mutanen wurin ke ɓuya da hatsinsu saboda mahara. Cikin waɗanda suka ɗauki huhun goro a ka akwai waɗanda ba da son ransu suka bi ayari ba, kuma wasunsu suna kwance a tsofaffin maƙabartun nan. Abin da zan iya faɗa wa wurin na yabo shi ne, bawa da ubangijinsa ƙyalle iri ɗaya aka naɗe su da shi, kuma bayan damina uku ba mai iya bambance tudun wannan da na wancan.

Yanzu an soma zuba siminti, ana kafa allon ƙarfe da suna da kwanan wata da Faransanci. Ana ajiye gawa a firjin asibiti a jira ɗa ya sauka daga jirgi, kuma abin dariya abin tausayi, da yawa cikin 'ya'yan Sokode da ke waje a Jamus ɗin suke. Wani ma can yake cikawa, 'yan'uwa su yi karo-karo a sako shi a akwati, wato mu ma mun koyi kai mamaci tushe, tushen kuwa shi ne zangon da kakanni suka ce kwana biyu za su yi. Ta'aziyya ta koma WhatsApp, kafin a gama wanka an ji a Kano da Hamburg. Masu haƙa sai an yi ciniki. Ban ga laifinsu ba, marmara ba ta san sadaka ba, kuma samarin da za su karɓi diga suna kan babur suna neman na cefane.

Baba ya daɗe da bin mutanensa, littafin kuma ya tafi da shi. Wanda ke haƙa a yau, in digarsa ta ci karo da ruɓaɓɓen itace a ƙasa, sai ya ce akwai mai wuri, ya mayar da ƙasa ya matsa gaba, ba wanda zai ce masa Bazazzagi ne ko matar wanzami. Masu gawayi sun gama da kiryar da ke kewaye, awaki na kiwo a kan tudu, masu farautar gafiya kan sa wuta da rani ta bi ta kan kowa. Gari kuma ya matso, masu awon fili sun kafa turakun siminti har gindin mangwaron nan. Shi ya sa a zanguna da dama na wannan hanya za ka ji bayan sallar Juma'a ana shelar taimakon katangar maƙabarta, wannan ya yi alkawarin buhun siminti, wancan bulo hamsin, 'yan Jamus su aiko da nasu. Kuɗin ba ya isa a zagaye gaba ɗaya, saboda haka ake fara ginin daga ɓangaren da ke kallon titi, don ta nan ne fili ya fi tsada.